Zainabu mai gumi da katin kamfani

Tun tana 'yar shekara tara Zainabu take bin innarta fadamar Argungu lokacin girbi. Su wuni suna sheƙa, da yamma mai gona ya auna musu shinkafa ladan aikinsu. Da ta yi aure sai ta kafa tukunyar gumi a tsakar gida: ta sayi shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta kai inji. Shekara talatin tana haka, har ya zama da ta damƙi shinkafa ta san ko ta bushe.

Wannan gwanintar ce ta kai ta wani kamfanin shinkafa da aka buɗe a bayan gari. Roda, 'yar Filato mazauniyar Gesse a Birnin Kebbi, ita ce mai kula da mata ma'aikata, kuma tsohuwar mai sayen shinkafarta ce. Ita ta lallashe ta. Aka ba Zainabu farar riga da katin ratayawa, albashi duk ƙarshen wata. Aikin bai yi mata wuya ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ƙararrawar shiga da tashi daga aiki, da neman izini kafin ta taka ƙofa.

Cikin wata na huɗu maƙwabciyarta Ni'imatullahi ta haihu, ga shi ba ta da kowa kusa. Zainabu ta kwana uku tana dafa mata ruwan wanka da kunu, ba ta leƙa aiki ba. Roda ta zo da kanta, ta zauna bakin tabarma.

"Inna, da kin aiko mana," in ji ta.

"Ɗiyata, mi zan ce musu? In roƙi izinin zama da mai jego?"

Roda ta ce mahaifiyarta shara ta yi a asibitin gwamnati har ta yi ritaya. Da babansu ya rasu, albashin nan ne ya riƙe su a makaranta. "Shi ya sa ni ƙararrawa ba ta dame ni ba."

Zainabu ta daɗe tana kallonta. "Allah ya saka wa innarki. Ni dai ban saba ba, kuma na tsufa da koyo." Ta ɗauko katin ta miƙa mata da hannu biyu.

Sharifa, 'yar Zainabu, wadda ta gama sakandare, ita ta nemi gurbin, aka kuwa ɗauke ta. Tana son aikin, tana son jin ana kiran sunanta a rajista. Zainabu ta koma kan tukunyarta, amma kullum da asuba ita ke tashin Sharifa, ta goge mata farar rigar da dutsen guga, tana faɗan kada ta makara.