Cin da Attahiru Tela Bai So Ba

Duk wanda ya san telolin Tudun Wada a Gusau ya san Attahiru, mutumin 'Yandoto, wanda bakinsa ya fi keken ɗinkinsa gudu. Tun yana saurayi ba a taɓa cinye shi a dara ba. Ba fa gwaninta ba ce. Da ya ga za a kai shi ƙasa, sai hannun babbar rigarsa ya share gurabun, ya ce, "Subhanallahi, iska!"

Da waya ta zo da darar Turawa, wadda ake ce wa ces, sai aka rasa ƙasar sharewa. Akwai dai wata farar tuta a gefe, wadda mai mutunci ke dannawa in ya ga ba mafita, ya sallama. Attahiru ya ce yatsansa bai san hanyar can ba.

Abokin karawarsa taubashinsa ne, Shu'aibu direba na Bunguɗu, wanda hatsari a hanyar Tsafe ya kwantar. Irin wasan nan suke yi mai jinkiri, kowa a ba shi kwanaki ya yi tunani, in wa'adi ya wuce bai motsa ba ya faɗi. Burin Shu'aibu ɗaya ne tak, ya ci Attahiru ko sau ɗaya.

Rannan kuwa ya kama shi. A allon wasan sarauniyar Attahiru ta tafi, dawakai sun bi ta, sarki ya rage tsirara a lungu. Shu'aibu ya kira yana dariya har da tari.

"Kai bawana, danna tuta mu ji daɗi!"

"Wace tuta? Direban da ya kasa riƙe sitiyari ne zai riƙe sarkina? Sabis ne babu wajenmu."

"Sabis ɗin da kake magana da shi?"

Attahiru ya kashe waya. Ya bar wasan a rataye, sai wa'adi ya zo wuya ya tura ɗa guda taku ɗaya, don dai a ja. Haka ya yi ta yi, yana ba 'yan layi labari ana shewa.

A cikin wannan ja-in-ja Allah ya karɓi ran Shu'aibu, kuma taku na gaba na marigayin ne.

Wajen gaisuwa matar mamacin, Sa'adatu, ta ce daga bayan labule, "Malam, kullum in ya farka sai ya ce in duba mashi ko ka danna."

Attahiru ya miƙe ya nufi tasha. Bai bar Bunguɗu ba wayar ta yi ƙara a aljihu: wa'adin abokin wasa ya ƙare, Attahiru ya yi nasara.

A gefen titi ya tsaya, ya buɗe wasan yana laluben farar tutar. An riga an rufe, ba ta nan.