Roba Kaɗai ko Ƙarfen Duka

A wani gareji a Yelwa, dattijo na tsugune gaban tsohuwar tasi, bakin rigarsa na shan baƙin mai. Yadda yake shafa ƙafar motar, kamar mai duba saniya mai ɗingishi, ya sa nake zaton a ruga ya tashi.

Makanike ya ce, "Baffa, robar ƙafa ta cinye. In roba kaɗai muka canza, hanyar Gubi za ta cinye ta kafin kaka. Ƙarfen duka ya fi, amma da tsada."

Yana danna tsohuwar robar da yatsa, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Can ya ce, "Da saniya ce, da ban tambayi kowa ba. Su na sayar na sayi wannan."