Tulu Biyu na Kawu

Jiya a filin ɗana da ke Malumfashi na ga ma'aikata sun haƙa ɗan rami sun zuba ruwa, suna duba agogo kafin su fara haƙa sokawe, ramin ruwan bayan gida. Nan take na tuna marigayi kawuna, magini daga Ƙarfi, wanda bai taɓa ɗaura agogo ba.

Shekarar da na gina gidana, shi na kira ya haƙa mini salga. Ya tona rami iya gwiwa a inda na nuna, ya juye tulu biyu, ya zauna yana tauna goro. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Har la'asar ruwan bai ragu ba.

Ya ce, "Ɗan nan, laka ce, ba ta shan ruwa. Ga kuma rijiyarka kusa. Mu koma jigawar gabas."

Na ce, "Kawu, aiki na kira ka, ba gadin ruwa ba." Na ɗauko wasu suka haƙa.

Damina ta biyu salgar ta tumbatsa, rijiya ta soma wari, 'yata ta kwanta da zawo. Kunya ta hana ni zuwa wurinsa. Shi ya zo da hantsi, diga a kafaɗa. Bai tayar da maganar ba, ya ce kawai, "Kawo tulu."

Yarinyar ta warke, yau 'ya'yanta huɗu. Salgar gabas har yanzu ba ta cika ba. Ya rasu ban ba shi haƙuri ba.

Allah Ya saka wa Kawu da Aljanna, Ya yalwata masa makwanci, ni kuma Ya yafe mini wannan baki nawa.