Tukunyar da Ba a Gaya wa Mutuwa Ba

Babanmu kuku ne a gidan Fada, limamin coci, kafin mu koma Kakuri. A can wani tsohon Bature ɗan zuhudu ya koya masa giyar ƙasarsu, wadda masu ibada ke dafawa tun kaka da kakanni don baƙi da kwanakin azumi. Sha'ir babu, sai Baba ya koma tsiron dawa. Iri uku yake yi, yana zana gicciye da alli a jikin tulu. Mai gicciye ɗaya ta yau da kullum ce, mai biyu ja ce ta baƙi, mai uku kuwa, kai, ƙato ma sai ya nemi bango. Ba ya zuba ta a ƙoƙo kamar burukutu. Kofi mai faɗin baki yake karkatawa, ya tsiyaya a hankali har kumfa ta hau.

Ran giyar yana cikin lakar gindin tukunya, wadda ake ɗiba daga tsohuwar dahuwa a sa a sabuwa. Uwar giya muke ce mata. Baturen ya ba shi ita da doka ɗaya: ba a magana a ɗakin dahuwa.

Shekarar da aka buɗe masaƙa Baba ya rasu. A garinmu, in mai dahuwa ya mutu, sai a durƙusa a gaya wa tukunyarsa. Tsofaffi suka tuna wa Mama. Ta ce ita ba za ta karya dokar mijinta ba. Haka tukunya ta zauna ba ta san komai ba.

To, giya dai ba ta taɓa daɗi irin na lokacin ba. Ma'aikatan jirgin ƙasa masu zuwa saye suna kurɓa suna kallon juna. Wani ya ajiye kofi ya ce, "Mama, wannan ai hannun marigayi ne." Bai sake zuwa ba.

Ina gidan mijina a Makera, kullum sai na leƙo. Da rana tsaka, rana na dukan kwano, sai in ji muciya na zagaya tukunya, ƙwar, ƙwar, alhali Mama na gabana tana tsince dawa. Ba ta ko ɗaga kai. In ta gama sai ta shige ɗakin ta ja ƙyaure, ta wuni shiru. Hawaye ko ɗigo ba ta yi ba tun jana'iza. Tuwo ya kwana ya wuni ba ta taɓa ba, zani har ya fara zagaya ta sau biyu. Tsoro ya kama ni. Na binne uba, ga uwa tana bin sa ina kallo.

Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Ran nan na banke ƙyauren. Ɗakin sanyi ƙalau kamar gindin randa, ga warin tabar Baba. Mama na zaune a ƙasa, ta bar kujerarsa ba kowa. Tukunya na ta ɓulɓula a hankali, irin gunagunin da yake yi in yana jan carbi. Gashin jikina ya tashi. Mama ta ɗora yatsa a leɓe, idonta na roƙona.

Na durƙusa, na kama bakin tukunyar, na ce, "Mai gidan nan ya mutu. Mun binne shi. Ba zai dawo ba."

Ɓulɓular ta tsaya cak. Kumfar ta kwanta muna kallo.

Mama ta kurma ihun da har matan maƙwabta suka shigo da gudu. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, ina riƙe da ita tana dukan ƙirjina. Da yamma na kawo tuwo da miyar karkashi na dire a gabanta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta wanke hannu.

Ta kai loma ta farko, ta haɗiye da ƙyar, ta ce, "'Yar nan, kin sa ni takaba sau biyu."

Na ce, "Na ji, Mama. Ƙara loma."