Tanko Mai Sakata

Duk wanda Tanko ya taɓa zuwa gidanshi a cikinku ya san ba ya gaida mutum sai ya fara gaida ƙofa. Kana zaune a zaure ka miƙa mashi hannu, shi ko ya wuce ka, ya kama ƙyaure ya girgiza, ya ja sakata ya mayar, ya kara kunne kamar ungozoma a jikin mai ciki. In ya ji ta yi ƙara sai ya juyo ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Sakata mai kuka, maigida rago." Sannan ya yi sallama. Har gidan mutuwa na ga ya yi haka. Ana kuka ciki, shi yana bakin ƙofa yana shafa wa sakata man shanu.

Na san addu'a ta tara mu yau, amma ni Kande ba mai hana ni faɗin wanga. Taubashina ne, uwarshi da ubana ciki ɗaya. Tun muna yara nake ce mashi bawana, shi ko ya ce mini ɗiyar kifi, don ubana masunci ne a bakin tabkin nan namu na Madarumfa. Shi ubanshi maƙeri ne, amma da Tanko ya gaji maƙera sai ya bar wa ƙannenshi hauya da lauje. Ya ce shi ƙofa kaɗai zai yi wa aiki: sakata, kuba, makulli. In ka kai mashi gatari gyara sai ya tambaye ka ko gatarin naka yana rufuwa.

Ladi matarshi, ga ta can tana rufe baki da zane, ita ta fi kowa shan wuya. Shekarar da ayarin Buzaye ya yi jinkiri gishiri ya yi wuyar samu, Tanko ya samo adudu, ya yi mashi marfin itace da ɗan kuba, ya zuba gishiri da daddawar gida duka a ciki, ya rataya makulli a wuya tare da layunshi. Duk lokacin da Ladi za ta kaɗa miya sai ta je maƙera. Ya bar ƙarfe cikin wuta, ya zo gida, ya buɗe, ya tsakuro mata da ƴan yatsu kamar mai ba da magani, ya kulle, ya girgiza ya ji ta kama.

Rannan sai Ladi ta daina zuwa. Tanko ya shiga kasuwa yana cika baki wai ya koya wa matarshi tattali, ta daina neman gishiri, kuma abin mamaki miyarta ta ƙara daɗi. Ni na san dalili, don wuƙata ta ara. Gindin adudun ta yanke, tana ɗiba ta ƙasa, tana cusa yashin tabki a tsumma don kada nauyi ya ragu. Sai da baƙi sunka zo mashi, yana so ya nuna masu aikinshi, ya buɗe ya iske yashi. Ya ɗauki marfin ya juya, ya duba kuban, ya sa makulli ya rufe ya buɗe. Sai fuskarshi ta washe.

"Kuba lafiya lau," in ji shi. "Adudu ne ba shi da amana, kuma ba ni na saƙa shi ba."

Ladi daga madafa ta ce ai rabon adalci anka yi, shi ke da sama ita ke da ƙasa.

Amma abin da ya kai sunanshi nesa raƙumin madugu ne. Wani madugu ya sauka da ayarinshi a bakin tabki da rani, za su Damagaram. Yana tare da uwarshi, tsohuwa tukuf wadda ta ƙi a bar ta a gida. An ɗaura mata ɗan ɗaki na sanduna da fata a bisa raƙumi, amma da tafiya ta miƙa sai barci ya ɗauke ta, har ta taɓa zamowa ta bakin ɗakin ta faɗi. Allah ya sa kan rairayi ne. Madugu ya ce yana son ƙofar da girgizar raƙumi ba za ta buɗe ba.

Tanko ya ƙi duk wani aiki ya duƙufa. Ya yi ɗan ƙyaure marar nauyi, ya ƙera mashi sakata mai harshe biyu, in na farko ya zame na biyu ya kama, kuma da ka tura sai ka ji ƙwas, ta kama kanta. Madugu ya gani ya yaba, ya ce a ɗaura su tafi. Tanko ya ce shi ba ya sallamar aikin da bai gwada ba, kuma ba zai gwada da uwar wani ba. Kun san tsawonshi. Ya naɗe kanshi cikin ɗan ɗakin nan, gwiwoyi na taɓa kunnuwa, ya leƙo ya ce wa mutane:

"Ku rufe ta waje. Ko kun ji ina kiran uwata kada wanda ya buɗe, gwaji ne."

Anka rufe, ƙwas. Raƙumi ya miƙe. Ko warin hayaƙin maƙera ya ji, ko kare ne ya yi haushi, ban sani ba, sai ya fizge akala ya zura. Ya bi gefen tabki, ya watsa mu masu wanki, ya ratsa lambun albasar mutane, ɗaki na rawa a bayanshi. Muna jiyo Tanko. Da farko uwarshi ya kira, kamar yadda ya faɗa. Sai ya koma kiran waliyyan da ke kwance kewayen tabki. Da ya ga sun yi nawa sai ya shiga kiran iskokin da yake cewa ya rabu da su tun zamanin kakanshi, har da alkawarin baƙar akuya.

Da ƙyar mutanen madugu sunka tare raƙumin sunka durƙusar da shi. Ɗaya ya kai hannu zai buɗe, na riƙe hannunshi na tuna mashi mai aiki ya ce gwaji ne, kuma ba mu ji ya ce an gama ba. Daga ciki Tanko ya fara da zagi, ya koma lallashi. Na ce sai ya faɗa a gaban shaidu ko shi wane ne a wurina.

"Kande," ya ce da wata ƴar murya, "ni bawanki ne. Buɗe."

Ya fito babu hula, abin da ya ci da safe duk yana gaban riga. Ya dafa kafaɗar madugu ya dubi taro ya ce, "Kun dai gani da idonku, ba ta buɗe ba." Washegari da sassafe sai ga shi ya huda ƙyauren, ya zura igiyar fata ta ciki, yadda wanda ke ɗakin zai ja ya buɗe wa kanshi. Ya ce don tsohuwa ya yi, ba don kowa ba. Daga ranar bai sake ƙera sakatar da na ciki ba zai iya buɗewa ba, kuma bai sake wucewa kusa da raƙumi ba tare da ya tofar da yawu ba.

Sai maganar Jatau na garin Safo, abokinshi, Ba'azne mai addinin gargajiya, mai son giya da tara baƙi. Shekarar da fari ya taɓa mu anka samu ɗan abin da anka samu, Jatau ya zo da kanshi ya ce ya san halin kanshi, in biki ya zo zai dafa giya har da irin shuka. Ya roƙi Tanko ya rufe mashi rumbun iri, ya riƙe makulli, kada ya ba shi sai ruwan shuka ya sauka. Tanko ya je ya yi wa bakin rumbun marfi da sandar ƙarfe, ya sa Jatau ya rantse da abin da yake rantsuwa da shi, ya dawo.

Bazara ta yi tsawo. Jatau ya fara zuwa da daɗin baki, wai dubawa kawai zai yi ko gara ta shiga. Tanko ya ce garar da ta iya buɗe kubanshi ta ci halal. Daga baya abin ya wuce wasa, don yunwa ta shiga gidan Jatau da gaske, yara sun koma cin tafasa da ƴaƴan itace. Ya zo da gatari a kafaɗa, ido ja. Tanko ya ajiye masaba, ya ɗora wuyanshi bisa uwar maƙera, ya ce ga makulli nan a rataye, a sare a ɗauka. Jatau ya tsaya, ya yar da gatari, ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na manya. Mutumin nan da ya kulle wa matarshi gishiri, shi ne ya tashi ya buɗe nashi rumbun, ya raba abin da ya rage biyu, ya ɗora wa Jatau rabi a jaki, yana zaginshi tun daga ƙofar gida har bakin gari. Makulli dai bai bayar ba.

Ranar da ruwa ya sauka, kafin Jatau ya ɗaura wando Tanko ya isa Safo a ƙasa, laka har gwiwa. Gidaje da yawa a unguwar daga rumbun nan sunka samu abin shukawa, don su sun cinye nasu. Da kaka Jatau ya kawo mashi tukwici, tulun giya cike har baki. Tanko ya yi a'uzubillahi ya ce haram ce, amma tulun halal ne, a ajiye. Ba wanda ya ga inda ya zubar da ita. Mun dai ji shi da la'asar yana yi wa zugazugi waƙa.

Ni ma ina da nawa. Shekarar da mahara sunka tare maigidana a hanyar garin Sarkin Yamma bai dawo ba, na rage ni da ƙananan yara, ƙofar ɗakina asabari ce kawai. Ko kaza ta motsa sai gabana ya faɗi. Ban faɗa wa kowa ba. Wata safiya sai ga Tanko da ƙyaure a ka. Ya ce wai ya lalace, ya rasa jujin da zai yar da shi, sai ya tuna da gidan ɗiyar kifi. Ya kafa, ya sa sakata ta ciki, ya tafi ko ruwa bai sha ba. Ƙyauren ɗakinsu ne. Shi da Ladi da zana a bakin ƙofa sunka yi damanar nan, ruwa na fesa masu, kuma har ya mutu bai taɓa ɗaga maganar ba.

Ciwon ajalinshi bai daɗe ba. Liman ya zo duba shi yana yi mashi nasiha, ya ambaci ƙofofin Aljanna. Tanko da ke kwance kamar ba ya ji sai ya buɗe ido ya tambaya wace irin sakata gare su, ta ciki ko ta waje. Liman ya danne dariya ya ce makullinsu kalmar shahada ce, haƙoran makullin kuwa salla da azumi. Tanko ya jima yana lissafi a zuci.

"To nawa ya yi giɓi, Malam," ya ce. "Amma makulli mai giɓi, in an lallaɓa shi, yana buɗewa."

Munka yi dariya da hawaye, shi ma ya yi har tari ya sarƙe shi. Liman ya laƙƙana mashi kalmar shahada, ya amsa sarai kowa ya ji. Kafin rana ta sunkuya ya cika, kanshi bisa cinyar Ladi.

Allah, ga bawanka Tanko nan, ni aro kawai na yi. Ka cike mashi giɓinshi da rahamarka, ka sanyaya makwancinshi, ka ba Ladi haƙuri. Amin.