Ludayin Anti Filomina

A wannan makon Anti Filomina ta cika shekara shida da rasuwa, amma har yau idan na wuce ƙofar da ke kallon tamu a benenmu na kusa da unguwar Kampung Baru a Kuala Lumpur sai na ja numfashi, ko zan ji ƙanshin kifi da kwakwa. Yanzu wasu ɗalibai ne a gidan, ba abin da ke fitowa daga ciki sai ƙaurin taliya.

Tsohuwa ce 'yar Gowa, wani yanki na Indiya a bakin teku. Mijinta tela ne a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, ya rasu tun kafin mu zo ƙasar nan. Abin da ya hana ta sukuni shi ne harshensu, Konkani, domin jikokin mutanen Gowa da ke Kuala Lumpur ba sa jin komai sai Turanci da Malay. Sai ta buɗe makaranta a falonta duk ranar Asabar. Ba allo, ba littafi. Tukunyar miyar kifi ce kawai, da ludayi a hannunta. Dokar ɗaya ce: ba ta zuba maka abin da ba ka roƙa da Konkani ba. Wanda ya roƙa da Malay ya ce "boleh lah, Anti" farar shinkafa zai ci gaya. Da idona na ga wani likita mai furfura, ya kawo 'ya'yansa, ya manta sunan kifi, ya koma kujera da shinkafarsa ba miya, 'ya'yan suna ta yi masa dariya.

Ƙanshin nan ne ya ja 'yata Hanifa, tana 'yar shekara shida. Hankalina ya tashi, don Anti Kirista ce, kuma na san abin da kan shiga tukunyarsu. Na yi ta kewaye-kewaye na kasa faɗa. Ita ta gane. Ta sa na raka ta kasuwa, ta sayi sabuwar tukunya da sabon ludayi a gabana, ta ce su zauna a gidana, ni zan riƙa wankewa, duk Asabar in miƙo mata. Tun daga ranar makarantar gaba ɗaya ta koma cin kifi daga tukunyar Maman Hanifa.

Hanifa kuwa akwai ci. Kafin shekara ta zagayo ta fi kowa a ajin. Ta san kifi nuste ne, ruwa udok, ta iya roƙon ƙari, ta iya cewa na kusa da ita ya fi ta samun tsoka. Iyayen sauran yaran suka riƙa yi wa nasu gori da 'yar Najeriya. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, har wata fankama nake yi in mun haɗu da maƙwabta a lif ɗin benenmu.

Ranar da fankamar ta ƙare, mahaifiyata ce ta kira daga Kano. Inna ta ce a ba ta jikarta. Ta ce mata, "Hanifatu, kin tashi lafiya?" Yarinya ta dube ni ta ce me tsohuwar ke cewa. Na matsa mata ta yi godiyar atamfar da aka aiko mata, sai ta rattabo godiya da Konkani tiryan-tiryan, har da ɗan rusunawa. Sai Inna ta tambaye ni ko ana yi wa yarinyar nan tofi kuwa. Na yi dariya. Amma daga ranar Inna ta daina cewa a ba ta ita. Sai dai ta ce, a gaida mini baƙuwar.

Na kai wa Anti labarin a matsayin abin dariya. Ba ta yi dariyar ba. Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa, ta ce da ni cikin Turancinta mai gauraye da Malay, "Bai, wa ke zuba abinci a gidanki?" Bai ɗin nan haka take kiran duk macen da ta girma. Na ce ni ce. Ta ce, "To ludayi na hannunki, kika bar uwarki ba jika? Ni ban tara yaran nan don in sace na wani ba." Ta kuma yanke hukunci: Hanifa ba za ta ƙara shiga ajin Asabar ba sai ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗa da Hausa abin da ta ci a makon, ni kuma in tsaya shaida.

Ni ma na kafa dokar ludayi a gidana: ba miya sai an roƙa da Hausa. Makon farko an sha kuka. Yarinya ta ci tuwo gaya sau biyu, ni ina kicin ina share hawaye a ɓoye. Wanda dokar ta fi kamawa ma Abban Hanifa ne, da ya saba shigowa daga jami'arsu ta Jalan Semarak da Turanci a baki. Ya nemi miya da Turanci, na zauna ina kallonsa. Ya ce, "Haba Maman Hanifa, har da ni?" Kafin in ba shi amsa 'yarsa ta ce, "Abba, ka ce miya." Wannan ce jimlar Hausa ta farko da na ji ta haɗa da kanta.

Nakan tambayi kaina me Anti za ta ce da ta ga yau. Ajin nata bai mutu ba, amma ya koma cikin waya, kowane yaro na ɗakinsa yana kallon malami a ɗan akwati. Na san tambayar da za ta fara yi: ta ina ake zuba musu miyar? Watan jiya Klara, jikar Anti, ta zo gidanmu da wasu saƙonnin murya da kakar ta bari na yadda ake haɗa miyar, duk da Konkani, ta ce ba ta gane rabinsu, Hanifa ta fassara mata. Hanifa, da yanzu ta kai sha bakwai, ta sauko da tukunyar nan, suka dafa tare. Da aka zo zubawa ta riƙe ludayi ta tsaya. Klara ta yi dariya, ta ga ba wasa ba ne, ta yi ta lalube har ta tuno nuste. Da ta faɗa sai ta fashe da kuka, mu ma muka taya ta.

Addininmu da Anti ba ɗaya ba ne, kuma ban taɓa ɓoye mata hakan ba, ita ma haka. Amma haƙƙin maƙwabtaka da aka hore mu da shi, a wurinta na ga yadda ake sauke shi. Ban san ko Konkani zai ɗore a garin nan ba. Abin da na sani shi ne Inna ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, muryar mutum kawai take ganewa. Jiya da la'asar na ji su a waya ita da Hanifa, sun fi rabin awa, suna gulmata da Hausa wai miyata ta cika gishiri. Na tsaya a bayan ƙofa da ludayi a hannu, ban shiga na kare kaina ba.