Guɗar da aka yi mini a hanyar Gazawa

Salama gare ku ƴan uwa. Kun san ni da Ba-Hannu, wasunku ma ba su san sunana Sanusi ba. Shekara da shekaru ina amsa wannan suna ina dariya. Yau na gaji, zan faɗi abin da ya faru, iyakar wanda na sani, don wallahi har yanzu ban san shi duka ba.

Lokacin da sojoji ke shirin maida mulki ga farar hula ne, ko'ina kamfen. Ina kabu-kabu a Cadawa. Duk ɗan takarar da ya zo, a zuba mana esansi, wato fetur, a ba mu riga, mu raka ayarinsa.

Tun kafin nan akwai abin da nake ji. Sai in ji warin roba tana ƙonewa, in sauka in duba babur, ba komai. Wata rana ina shan shayi a tasha, sai kawai na ga kofi a ƙasa, mai shayi yana cewa, "Sanusi, ina ka tahi?" Ni kuwa ban je ko'ina ba. Inna ta ce rana ce da gajiya.

Ranar da abin ya faru mun taso za mu Gazawa. Na tuna ganguna. Na tuna tuta ɗaure a bayana. Na tuna warin robar nan.

Sai na buɗe ido a asibiti a Maraɗi, ƙafa a karye, kai a naɗe.

Abokan aiki suka zo dubiya suna ta zuba. "Kai, ashe haka kake! Ka saki kan babur, ka ɗaga hannu biyu, ka karkace kai kana kallon sama, babur na tafiya shi kaɗai, mata na guɗa!"

Na ce, "Ni?"

Ni da ko kaza na hango sai na taka birki, har ana yi mini tsiya wai tuƙin tsofaffi nake. Amma duk wanda ya shigo, labarin ɗaya ne. Sai na fara yarda. In kwanta ina juya hannuwana ina kallonsu.

Baba ya zo. Bai zauna ba. Daga bakin ƙofa ya ce, "Sa na saida na saya maka abin neman abinci, kai kuma guɗa kake nema?" Ya juya. Wannan ya fi karayar ciwo.

Kullum da safe a wanke rauni, a yi allura, a miƙo takardar magani, yayana Lawali ya ruga farmasi. Waken da muka noma a shekarar duk can ya tafi.

Ana nan sai abin ya sake zuwa, a kan gadon asibiti. Na farka harshe a cije, zane a jiƙe, masu jinyar da ke kusa sun janye tabarminsu can nesa. Lokotoro, wato likita, ya zauna bakin gadona ya ce, "Kafin hankalinka ya tafi, kana jin wani wari?" Ban taɓa gaya wa kowa zancen warin ba.

Da ƙafa ta yi dama aka tura ni Yamai, aka manna mini wayoyi a kai. Likitan can ya ce, "Farfaɗiya ce. Ba kai ka saki babur ba, ciwo ne ya ɗaga hannunka. Ba iskoki ba ne, ba a ɗaukarta a miyau, kuma akwai magani. Sai dai tuƙi, ka haƙura."

Ku yarda ko kar ku yarda, murna na yi. Na ce yau Baba zai san ba iskanci na yi ba.

Na gaya masa. Ya ce, "Wa ya ji?" Na ce daga ni sai Lawali. Ya ce, "To ta tsaya nan. Kana da ƙanne mata a gida, wa zai zo neman aure gidan farfaɗiya? Gara a ce ɗana ɗan ganganci ne."

Kaina ya ɗaure. Gangancin da ya hana shi zama a asibiti, shi yake roƙona in ɗauka in yafa. Kuma a ranar ya jawo kwanon tuwonsa ya ce in sa hannu, muka ci tare. Har yau ban san ko fushi ya kamata in yi ko kuka ba.

Haka na zama Ba-Hannu. Na koma saida esansi a kwalba bakin hanya, ina haɗiye ƙwayata a ɓoye. Aka ce tsoro ya hana ni hawa babur, na ce haka ne. Ƙannena duk sun yi aure. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ciwon ya daɗe bai tashi ba, alhamdu lillahi.

Makon jiya ana rakiyar amarya ta gaban rumfata. Sai ga Nura, ɗan ƙanwata, ya saki kan babur, ya ɗaga hannu biyu, ya karkace kai daidai yadda ake ba da labarina, yana ihu, "Kawu Ba-Hannu, ka gani!" Allah ya kiyaye, bai faɗi ba.

Shi ya sa na rubuta.

Na gode wa Allah, na gode wa Inna da Lawali, da lokotoron da ya tambaye ni wari. In kuna jin irin abin da na ji, ku je asibiti kafin ku hau babur. In wani ya faɗi gabanku, kar ku gudu, kar ku sa masa cokali a baki, ku kwantar da shi a gefensa har ya dawo. Mai shan magani kar ya daina don ya ji sauƙi.

Nura, na san za ka karanta. Abin da kake kwaikwaya ba gwaninta ba ce, ɗana, ciwona ne. Ni ban taɓa sakin kan babur ba ko sau ɗaya. Ka riƙe naka da hannu biyu.